Randar da Aka Ce Ba a San Maginiyarta Ba

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma. Uwar maigidana ta koma ranar wata Talata da hantsi, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kafin la'asar gidanmu ya cika har ba wurin ajiye ƙafa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Na fara da addu'a don ita ce ta kamace ta, amma gara in faɗa tun yanzu: da fushi nake wannan rubutu, kuma cikin waɗanda nake fushi da su har da ni kaina.

Kwana bakwai na yi kan tabarma ina amsa gaisuwa. Mata sun zo daga Dogarawa inda aka haife ta, sun zo daga ƙauyukan Alela a kan amalanke, wasu har daga Badaguishiri inda ƙanwar maigidana take aure. Kowace ta durƙusa ta ce, "Ina haƙuri?" in ce, "Sai godiya." Da a nan suke tsayawa da ban ce komai ba. Amma sai kowace ta ƙara da magana guda, kamar sun haɗa baki tun daga tasha.

"Ai Inna ta bar suna. An ce har gidan tarihi anka rubuta ta."

Wata ta ce ita ta ji da ruwan zinariya aka yi rubutun. Wata ta ce baƙi daga Yamai suna zuwa su karanta su ɗauki hoto. Ba ɗaya cikinsu da ta taɓa taka ƙofar gidan. Ni kuwa na taka, na kuma iya karatu, shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da yara a lakwal. Na san abin da ke rubuce a jikin katin da aka manna gaban randar Inna da ke ajiye a can. An rubuta, da Faransanci, cewa randa ce ta yankin Konni, kuma ba a san wanda ya gina ta ba. Duk lokacin da wata ta ce "ta bar suna" sai in ji kamar an watsa mini barkono a ido, in sunkuyar da kai, su kuma su ɗauka kukan mutuwa ne.

Sai ga maigidana, Allah ya shirya shi, ya sauke buhunan ruwan leda daga motarsa don baƙi. A gidan matar da ta shayar da rabin ƙasar nan ruwan sanyi! Randuna huɗu a tsakar gida cike maƙil, mutane na tsotsar leda suna yarwa a gindinsu. Mutum ɗaya ce ta wanke mana fuska, aminiyar Inna, tsohuwar da suka yi shekaru suna ɗaukar tukwane tare zuwa kasuwar Laraba. Da aka miƙa mata ledar sai ta ture da bayan hannu.

"Ni za a ba ruwan leda cikin gidanga? Ku ɗebo min na randa."

Ta sha, ta ajiye moɗa, ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa cikin randar sau ɗaya yadda Inna take yi. Randar ta amsa. Nan tsohuwar ta zauna dirshan a ƙasa ta fashe da kuka, ni ma a nan ne na yi nawa na gaskiya.

Rana ta uku shugaban gidan tarihin, da muke ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci, ya zo gaisuwa da farar riga da tabarau. Ina jin su ta bayan zana. Maigidana, wanda bai taɓa shiga gidan tarihin ba don kullum yana kan hanyar Tawa, ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana cewa, "Mun gode, Mushe, kun ɗaukaka tsohuwa, kun sa sunanta inda ba shi ɓacewa." Mutumin nan ya ce, "Ba komai, aikinmu ne." Ya karɓi godiyar ya sa aljihu, ya shafa fatiha, ya ci masar sadaka, ya tafi.

Bari in gaya muku ko wace ce wannan da ba a sani ba.

Gajeruwa ce, baƙa, da damatsa irin na manoma. Babban yatsanta na dama ya baje saboda matsa yumɓu, farcen ma ya daina fitowa daidai. Kowa a garinmu Inna mai randa yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ba ta yarda da abu sai ta ƙwanƙwasa shi. Tukunya, kankana, ƙyauren ɗaki, kan jikokinta in sun kawo mata ƙarya, duk sai ta buga ta kara kunne. Ranar da maigidana ya sayo motarsa ta farko daga tsallaken iyaka, unguwa ta taru ana sa albarka, ita kuwa ta zagaya ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ƙwanƙwasa gaba, ta ce, "Wagga ta tsage." Aka yi ta dariya. Ko mako ba a rufa ba aka jawo motar da igiya daga Malbaza.

Da kanta take zuwa fadama haƙo yumɓu, don ta ce wanda aka aika ba ya rarrabe ƙasa mai rai da matacciya. Ta daka fasassun tukwane ta tankaɗe ta haɗa, ta taka da ƙafa har ya yi laushi. Tana da ɗan rami a gindin bedi, wato darbejiya, da ta shimfiɗa wa tsohuwar tabarma, a nan take zama ta miƙe ƙafa tana bugun yumɓun tana juya shi, har abin da ya fara kamar curin tuwo ya buɗe ya zama cikin randa. In ya sha iska ta shafe shi da jar ƙasa, ta goge da ƴaƴan kuka da ta shirya a zare, ya yi ta sheƙi. Kafin ya bushe kuma takan sa hannu ta cikin wuya ta danna babban yatsan nan sau uku a jere. Ba a gani daga waje. Sai mai wanke randa ne yake jin su.

Ranar ƙona tukwane ba a yi mata magana. Ta jera su a bayan gari, ta rufe da kara da busasshen kashin shanu, ta tsaya tana kallon iska kamar mai jiran baƙo. Washegari ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wadda ta amsa da murya mai tsawo ta ajiye gefe. Wadda ta amsa a dishe, ko da ido bai ga tsaga ba, nan take ta ɗaga ta ta rotsa da ƙasa. Na taɓa ce mata ai wasu kan liƙe su sayar wa ƴan ƙauye. Ta harare ni.

"Tukunya ba ta ƙarya, sai dai mai saida ta."

Ni da ita ba da daɗi muka fara ba, kuma laifina ne. Na zo gidan nan amarya, ƴar lakwal, da kayan roba kala-kala da kula ta ƙanƙara, ina ganin na waye. Na tarar ta ajiye mini ƴar randa a ƙuryar ɗaki, sabuwa fil, wadda ta gina musamman don matar ɗanta. Ban san haka ba, ban kuma tambaya ba. Na tuna yadda muke ƙawata ƙofar aji a makarantar horon malamai, sai na sa ƙusa na huda gindinta, na cika ta da ƙasa, na dasa fulawa, na ajiye a bakin ƙofa ina jiran yabo. Inna ta fito da safe ta gani. Ta daɗe tsaye. Sai ta juya wajen maƙwabciyarmu ta ce, da ƙarfi yadda zan ji, "Ku zo ku gani, an huda mata gindi an ba ta ciyawa."

Wata guda ba ta amsa gaisuwata da fiye da "lahiya" ba. Unguwa kuwa ta samu abin taunawa. Aka sa mini Madan mai fulawa, aka ce ƴan lakwal ba su san kunya ba, wai gobe ma sunan surukarta za ta kira a tsakar gida. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta shige ni. Na rantse a raina sai na fi kowace mace a garin nan kunyar suruka. Ban ƙara cin abinci a gabanta ba. Ban ƙara zama kan kujera tana ƙasa ba. Sunanta kuwa, ko a mafarki. In aka kawo mini yarinya mai irin sunan a aji, wurin kiran suna sai in ce "mai sunan Inna", yara su yi ta ƙyalƙyata dariya, ban damu ba. Har mata suka koma kafa misali da ni ga ƴaƴansu, ni kuma ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ita kuwa da ta ga ranar ajiye kunya, ajiyewa ta yi ba ta waiwaya ba. Na haifi ɗiyata ta fari uwata ba ta duniya, ba ni da wanda zan koma wa wanka. Na kwanta ina kuka ina tunanin wa zai dube ni. Ashe tun cikina yana wata shida Inna ta gina wata ƙatuwar tukunya ta ɓoye a bayan rumbu. Ranar da na dawo daga likita ta girka ta, ruwa ya tafasa, ta shigo da ganyen bedi a hannu. Na ƙanƙame zane na ce ai ba zan iya ba a gabanta.

"Tashi, ke! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau ni ba surukarki ba ta, uwarki ta."

Kwana arba'in safe da yamma tana yi mini wanka, tana dama mini kunun kanwa, tana zagina in na bar saura. Ranar da muka gama ta koma surukata kamar ba a yi ba. Sai dai na shiga ɗaki na tarar da sabuwar ƴar randa a ƙurya, inda ta farko ta zauna.

To, shekara biyu ke nan wata ƙungiya ta buɗe ɗan gidan ajiye kayan tarihi a babban gari kusa da mu. Ba zan faɗi sunan gidan ba, su ma su ɗanɗana. Suka ce za su yi ranar masu sana'ar hannu, a tara maƙera da dukawa da masaƙa tabarma da magina, jama'a su zo su gani su taɓa su koya. Aka zo aka roƙi Inna ta ba da randa ɗaya a ajiye a ciki. Ba ta ba da sabuwa ba. Ta ba da babbar da ke zaure, wadda ta gina shekarar da ta haifi maigidana, wadda duk mai wucewa yake tsayawa ya sha.

Ranar da aka zo ɗauka tana fadama, maigidana yana hanya. Ni kaɗai ce babba a gidan. Shugaban ne da kansa, mutumin yamma da aka turo aiki, Hausarsa tana ɗingishi. Aka ɗora randar a mota kan tsofaffin tayoyi, ya buɗe takarda ya cire murfin biro.

"Bon, Madan, sunan mai yi?"

Na ce, "Inna."

"Inna wa? Wannan ba suna ba ne."

"Uwar maigidana ce."

Ya yi dariya. "Madan, ke fa malama ce. Suna nake so, na takarda."

Matan unguwa sun fito kallon mota, sun jeru a jikin katanga, har da wadda ta sa mini Madan mai fulawa, ta tsufa amma kunnenta bai tsufa ba. Sunan yana kan harshena. Na dube su, na dubi ƙasa, na ja gyale na rufe baki. Za ku ce me ya hana ni karɓar biron in rubuta. Na tambayi kaina wannan ya fi a ƙirga. Na tuna da hakan a lokacin, hannuna ne ya ƙi, don a gaban matan nan rubutawa da faɗa duk ɗaya ne a wurina. Na ce ya dawo in maigida ya zo. Ya ce zai aiko. Ya rufe takardarsa, mota ta tashi.

Bai aiko ba. Kuma nan ne fushina da shi yake. Ya san gidan. Ya ga ramin da take zama, ya ga yumɓu a jiƙe. Gidan aminiyarta taki ashirin ne daga namu, da ya tambaye ta da ta ba shi suna har da na kakanni. Da takardar kuɗin aikinsa ce ta rasa suna, da ya dawo sau goma. Amma tsohuwa ce mai wasa da laka, sai ya cike gurbin da abin da ya fi sauƙi.

Ranar bikin Inna ta yi kwalliyar da ban taɓa gani ba, da zanen saƙi da ta ajiye tun aurenta. Muka ɗauki yumɓu a kwano biyu. An kafa rumfuna, an jera kujeru a inuwa, sai dai inuwar ta manyan baƙi ce. Waɗanda aka ce ranar tasu ce an shimfiɗa musu tabarmi a tsakiyar fili, rana tana dukan su. Aka fara jawabi. Wannan ya tashi ya gaishe da wancan da Faransanci, wancan ya tashi ya gaishe da wannan, ana ta maimaita cewa al'ada ita ce tushenmu, tushen kuwa yana zaune a rana yana zufa. Wutar maƙeri ta mutu sau biyu. Inna tana ta yayyafa wa yumɓunta ruwa, can ta ce mini, "Tai ki hwaɗa ma mai farar rigag ga yumɓu ba shi jiran jawabi." Maƙerin da ke kusa ya yi dariya har ya ƙware.

Amma da aka saki jama'a, wallahi ranar ta yi kyau, ba zan ci haƙƙinsu ba. Mutane suka yi dafifi wurin masu aiki. Wani soja ya cire takalmi yana taka yumɓu. Matan ma'aikata da lallensu da zobbansu suka durƙusa gaban Inna tana kama hannuwansu tana nuna musu yadda ake juyawa, tana yi musu tsiya. Ta ce wa wata, "Wanga abu da kinka gina, ko kaza ba ta sha ciki." Matar ta yi ta dariya, ta naɗe abinta a gyale ta tafi da shi gida. Wani mai hoto ya kwanta har ƙasa yana ɗaukar hannuwanta. Ban taɓa ganin Inna tana dariya haƙora waje irin ta ranar ba.

Da la'asar ta wanke hannu ta ce in raka ta ciki ta ga randarta. Tana can a tsakiyar ɗaki kan ɗan dandamali, an zagaye ta da igiya, a bushe ƙamas. Inna ta tsaya ta ce, "Wayyo, ƙishi take ji." Ta miƙa hannu ta haye igiyar za ta ƙwanƙwasa. Sai mai gadi, wani dattijo tsohon soja, ya daka tsawa.

"Kai, Iya! Ba a taɓawa!"

"Ni nig gina ta."

"Ko wa yag gina ta, doka ta. Ja da baya."

Ta janye hannun a hankali, ta ɓoye shi cikin zane kamar wadda aka kama da sata. Mutane suna kallo. A nan ne idona ya faɗa kan katin, na karanta. Ita ma ta ga ina kallonsa.

"Mi anka rubuta nan, ɗiyata?"

Na ce, "An rubuta ke kika gina ta, Inna. Ga sunanki nan."

Ta duƙa ta daɗe tana kallon katin. Sai ta miƙe ta ce, "To, madalla. Mu tahi gida." Tun daga ranar duk wanda ya shigo gidanmu sai ta gaya masa an rubuta sunanta a gidan tarihi, surukarta ce ta karanta mata. Daga bakinta maganar ta fita ta zagaya ƙauyuka har ta dawo mini ranar makoki da ruwan zinariya. Ni kuma kullum ina cewa gobe zan je in gyara. Gobe jarrabawa, gobe suna, gobe damina. Gaskiyar ita ce in na je dole in buɗe baki in faɗi sunan, kuma dole a san na yi ƙarya.

Ciwon ya fara mata daga ƙafafu, ya hau. Wata ranar Juma'a, maza sun tafi masallaci, gidan ya yi tsit, ina shafa mata man kaɗe a ƙafa, ta ce in ɗauko mata ƙullin da ke ƙarƙashin matashi. Katin zaɓenta ne a cikin leda. Ta ɗora baje-bajen yatsan nan a kan layin farko.

"Wanga shi na sunana, ko?"

Na ce shi ne.

"Ban yi lakwal ba, amma shekara nawa ina kallon shi. Na san kamannunai kamar yadda nis san randata cikin randuna ɗari. Ba shi bisa takardar can."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Inna, me ya sa kika yi ta gaya wa mutane?"

"In ce musu mi? Matar ɗana ta yi min ƙarya? Ke kinka rufa min asiri gaban mai gadi, ni ko in tona naki?" Ta mayar da katin cikin ledarsa. "Kin yi min kunya shekara da shekaru, na gani, na gode. Amma kunyag ga ta cinye min suna. In na tahi ki aje ta, ki tai ki hwaɗa musu. Kak ki aiki mijinki. Ke anka tambaya."

Ta rasu bayan kwana goma sha ɗaya, ban je ba. Wannan shi ne abin da ba zan yafe wa kaina ba. Ta ce in ta tafi, ni kuma na laɓe a bayan wannan kalmar, alhali kabu-kabu ɗaya zan hau in dawo in ce mata an gyara, ta ji da kunnenta.

Daren sadakar bakwai bai yi ba sai da na gaya wa maigidana komai, muna tattara tabarmi. Sai ya ce, "Ai ta riga ta tahi, ki bar shi. In kuma dole na, ni in tai." Na ce masa shekara biyu motarsa tana wuce ƙofar gidan nan safe da yamma bai taɓa taka birki ya ga randar da aka gina don haihuwarsa ba, yanzu ba sai ya wahala ba.

Washegari na shirya kamar za ni aji. Na tarar an ƙara abu a ɗakin: babban hoton hannuwan Inna a bango, cikin yumɓu, yatsan nan ya fito sarai. A ƙasansa an rubuta sunan wanda ya ɗauki hoton, cikakke, har da garinsu. Mai danna maɓalli yana da suna, mai hannuwan ba ta da shi. Na sa mai gadi ya kira shugaban daga buro, wato ofishinsa. Akwai baƙi biyar ko shida suna zagayawa.

Na ce, "Mushe, ka karɓi godiyar mijina a kan aikin da ba ka yi ba."

Ya gyara tabarau. "Madan, ai na tambaye ki. Ke kika ƙi."

"Na ƙi. Sake tambayata."

Ya dubi baƙin, ya dube ni. "Bon. Sunan mai yi?"

Na faɗa. Sunanta da na mahaifinta, da muryar da nake tsawata wa aji mai yara tamanin. Ɗakin ya amsa. Ban taɓa jin sunan a bakina ba, ya fito mini baƙo, amma ƙasa ba ta tsage ba. Mai gadin nan da ya daka mata tsawa ya cire hularsa ya maimaita sunan, ya ce, "Allah shi jiƙan ta. Wallahi ban sani ba." Shi kaɗai ne a gidan ya nemi gafara.

Shugaban ya ce ya ji, amma sai an tabbatar, sai an rubuta wa ƙungiya, sai an buga sabon kati in an samu hali. Na ce tabbaci yana cikin wuyan randar, ya sa hannu zai ji yatsa uku, ya zo gidanmu ya sa hannu a randuna huɗu ya ji ko ba su ba ne. Ya ce ba a taɓawa. Na buɗe jakata na ciro jan biron da nake gyara wa yara aiki. Na haye igiyar. Na ja layi a kan "ba a sani ba", na rubuta daidai a sama, da manyan baƙaƙe, yadda nake yi wa duk wanda ya kawo mini amsar banza. Shugaban yana ta "Madan, Madan", mai gadi kuwa ya juya yana kallon taga.

Har yau ba a buga sabon katin ba. Duk ranar Laraba in na fito kasuwa sai na biya na duba, kuma akwai jan biro a jakata ko da wani zai yi dabarar canza shi da irin na da.

Allah ya jiƙan Inna, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar da mutane. Ku da kuka zo kuka ce mini ta bar suna, yanzu maganarku ta zama gaskiya, amma ba da ruwan zinariya ba ne. Ba zan rubuta shi a nan ba, surukata ce har gobe, sau ɗaya ta ba ni izini kuma na yi amfani da shi. Mai son sani ya je da ƙafarsa ya karanta. In ya ga mai gadi ya juya wajen taga, ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa mata randar sau ɗaya.